Gawo da Kirya

Ranar da Labaran ya tayar da injin nan a karon farko, babu wanda bai leƙo ba a layin makanikai na Tiga. Tsohon injin ban-ruwa ne da wani mai lambu ya yasar. Labaran ya kwance masa famfo, ya ɗaura bel, ya haɗa shi da boris da sandar ƙarfe, ya kafe guntun itace a tsakiya. Yana jan igiya itacen ya hau juyawa har ido ba ya iya kama shi. Ya matso da bakin ƙarfe a hankali ya taɓa, sai ga sassaƙe yana tashi sama yana zubo masa a ka. Wallahi ihun da ya kurma sai da mai shayi ya ɓarar da madara.

"Ya ci! Jama'a ku zo ku gani, ya ci!"

Bai rufe baki ba itacen ya kuɓuce, ya yi tsalle ya daki kwanon rumfa, 'yan kallo suka watse kowa ya kama gabansa. Shi kuwa gogan naka dariya yake yi har da riƙe ciki, ga goshi ya fara kumbura.

Gyaran injin ban-ruwa ne sana'ar Labaran, amma ɗan masassaƙa ne. A Ɗansoshiya aka haife shi, shi ne autan Baba Mudi, wanda a zamaninsa babu gidan da ake cin tuwo a yankin Kiru ba a akushinsa ba. Baba ya sassaƙa, matarsa Inna Asibi ta baƙanta da ƙarfen da ta gasa a wuta ta shafe da man shanu, haka suke tun tana amarya. Sai roba da silba suka zo suka kori akushi daga kasuwa. Yayyen Labaran suka tafi Kano, shi ma da ya tasa ya ajiye gizago tun hannunsa bai faɗa ba, ya bi ƙarar inji zuwa Tiga. Baba bai yi masa baki ba, amma bai yafe ba. Duk sallar da ya je gida sai ya ji maganar nan: "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba."

To, a waya Labaran ya ga wani mutum a wata ƙasa yana juya itace, yana fitar da abu kamar tulu, ciki fafe, baki ɗan ƙarami, jikinsa zobe fari zobe ja. Tun daga ranar abin ya shige masa rai, shi ya sa ya haɗa injin nan. Matarsa Juwairiyya ta ce ko tuwo yake ci sai ya riƙa juya kwanon yana kallo.

Ana cikin haka Inna ta kira shi a waya da hantsi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Auta, ka san gizagon kakanninku?"

"Na rataye a zaure? Na sani mana, Inna."

"To Malam ya yi wa Ubale maƙeri alkawarinsa. Wai ya narke shi ya buga masa fartanya. Cewa ya yi tunda babu masassaƙi a gidan, gara ƙarfen ya ci ƙasa da ya ci tsatsa."

Labaran ya miƙe tsaye da wayar a kunne. Gizagon nan daga hannun kakan Baba ya taho. Ƙotarsa ta yi santsi, ta lotsa daidai inda yatsu ke zama. Yana yaro ko taɓa shi ba a bari ya yi.

"Inna, ki hana shi mana!"

"Ni? Ka manta halin ubanka? Gawo ne fa, idan kowane itace ya yi ganye da damina shi lokacin yake kaɗe nasa. Na dai lallaɓa shi ya bari sai an gama girbi, tunda yanzu Ubale aikin lauje ya sha masa kai. Ranar kasuwar farko bayan an shigar da dawa zai zo ya ɗauka."

Ai kuwa Labaran bai sake zama ba. Ya ƙudura a ransa zai kai wa Baba abin da zai sa ya ce da bakinsa akwai masassaƙi a gidan. Ya hau babur ya nufi bakin dajin Falgore wajen abokinsa Buba, makiyayi, wanda ya san kowane itace a dajin nan kamar yadda ya san shanunsa. Ya gaya masa itace biyu yake son haɗawa, ja da fari. Buba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce na cikin gandun gwamnati dai ba a taɓawa, amma akwai wata kirya a bayan rugarsu da iska ta kayar tun bara waccan, ta bushe ƙamas. Suka je. Gatari na sauka a kanta yana tsalle, ga cikinta ja wur har ya doshi baƙi. Farin kuwa reshen gawo ne da aka sare wa shanu ganyensa da rani, ya daɗe a yashe.

"Kai Labaran," in ji Buba, "kirya mai taurin kai, gawo mai taurin kai, ka ce za ka aurar da su? Allah ya ba da zaman lafiya."

"Amin. Ni ne waliyyi, gam ne sadaki."

Zaman lafiyar bai zo da wuri ba. Ya yanka zobba da zarto, ya goge fuskokinsu da samfefa, ya jera ja bisa fari, fari bisa ja, ya shafa gam, ya danne da jak ɗin mota. Na farko ya rabu a kan inji. Na biyu ya yi kyau har ya fara fafe cikin, sai ƙarfen ya huda gefe ya leƙo waje. Matsalar ita ce kirya takan ƙi ƙarfe, gawo kuwa yakan ba da kai da wuri, idan hannu ya saba da ɗaya sai ɗayan ya yaudare shi. Sai da ya samo sifirin ɗin mota ya lanƙwasa bakinsa, ya wasa, ya koyi sassauta hannu idan ya ji sautin ya canza. Masu lambu suna kawo injinansu yana ce musu gobe. Wasu suka yi fushi suka kai wani wuri, ko a jikinsa.

Ranar da ya kashe inji a kan na ƙarshe, shi kansa sai da ya ja da baya. Abu ne mai ciki kamar tulu, bai kai tulu girma ba, wuyansa siriri, bakinsa yatsa biyu ne kawai ke shiga. Zoben ja na bin zoben fari tun daga gindi har wuya, babu inda farce zai kama mahaɗi. Ga rashin nauyi, sai ka ce ƙwarya. Ya ɗauka da gudu ya shiga gida.

"Juwairiyya! Fito ki ga ikon Allah!"

Ta karɓa tana juyawa, bakinta a buɗe. "Kai! To me sunansa? Akushi ne ko tulu?"

"Baba ne zai raɗa masa suna."

Ta ciro sabon zanenta ta naɗe masa shi. Mai kaɗai ya rage a shafa, Labaran ya ce a'a, sai a gida, da man shanun Inna, don Baba ya ji ƙamshin da ya sani.

Da sassafe ranar kasuwa ya ɗaure ƙunshin a ƙirjinsa ya kama hanya. Ya wuce Kwanar Ɗangora yana waƙa, ya shiga hanyar Ɗansoshiya, gonaki duk an girbe, shanu sun bazu cikin kara. Duk ramin da ya faɗa sai ya dafa ƙirji ya ce, "Yi haƙuri." A hanya ya gama tsara yadda za a yi: zai durƙusa, ya kwance zanen a gaban Baba a cikin rana, fari ya haska, ja ya haska, shi kuma ba zai ce uffan ba.

Sai ya tarar Baba ba ya nan. Ya tafi gaisuwar rasuwa wani ƙauye a gaba, a ƙafa. Labaran ya leƙa zaure, gizago na nan a rataye, ya sauke ajiyar zuciya. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, tana bakin murhu.

"Ubale ya ce bayan azahar zai zo," in ji ta. "Mene ne wannan ka rungumo kamar jariri?"

"Aikina ne, Inna. Na Baba ne. Yau zai san ya haifi masassaƙi!"

"Allah ya sa. Ka gama shi dai ko? Ka san Malam ba ya duban aikin da ba a gama ba."

"An gama, mai kawai ya rage a shafa. Ki ajiye min, bari in je in ɗauko Baba a babur, ba zan iya zaman jira ba."

Ya fice kamar an jefa shi. Ita kuwa Inna, uwa ce, ta kwance zanen. Ta ga siffa, ta ga santsi, ta ɗaga ta ji babu nauyi, sai hawaye suka zubo mata don daɗi. Sannan ta duba launin. Fari da ja, tsirara, ɗanyen itace! A gidan nan ba a taɓa miƙa wa Malam akushin da ba a baƙanta ba. Ta tuna wani almuru da ya taɓa jefar da akushin babban ɗansu a tsakar gida don kawai gindinsa bai ji wuta ba. Yaron nan ya daɗe a Tiga, ta ce a ranta, ya manta kafin mai akwai wuta. Ta shiga ɗaki ta lalubo ƙarfenta da ya yi shekaru a ƙarƙashin gado, ta tura shi cikin garwashi, ta hau fifita.

A can kuwa Labaran ya samu Baba, ya jira aka shafa fatiha, ya ɗauko shi. Tsohon na zaune a baya ya dafa kafaɗarsa da hannunsa da tsufa ya sa ya fara rawa.

"Tafi a hankali, ba gobara ake ba. Me ya kawo ka ranar aiki?"

"Wani abu na kawo maka, Baba."

"Inji ne?"

"Gani ya kori ji, Baba."

Tun daga ƙofar gida ƙamshi ya tare su, ƙonannen itace da man shanu. Baba ya tsaya cak ya shaƙa, don rabonsa da wannan ƙamshin an jima. Labaran kuwa bai tsaya ba. Ya wuce Baba a zaure, abin da bai taɓa yi ba, ya faɗa tsakar gida.

Ga Inna zaune a kan tabarma, gumi na zuba, fuska cike da fara'a. A gabanta ga aikinsa, baƙi ƙirin tun daga gindi har baki, yana sheƙi.

"Auta, ka ga na rufa maka asiri," ta ce da raɗa. "Saura kaɗan ka kai wa Malam abu tsirara. Hannuna bai manta ba, ko?"

Labaran ya ƙura wa aikinsa ido. Tafiyar Falgore, zobban da ya goge har yatsunsa suka yi kanta, masu lambun da ya kora, fari da jan da ya ci burin su haska a idon Baba, duk sun shige ƙarƙashin baƙi. Ya ji kamar ya faɗi ya yi birgima. Amma ya dubi fuskar Inna, ya ga wani ɗan ƙuna a babban yatsanta, sai ya haɗiye ɓacin ransa.

"Bai manta ba, Inna," ya ce. "Sannu da aiki."

Ta dube shi da kyau, fara'ar ta fara gushewa. "Auta, lafiya? Ko na yi ɓarna ne?"

Kafin ya amsa Baba ya shigo, kuma a daidai lokacin aka yi sallama a waje. Ubale maƙeri ne, ya gaji da jiran azahar tunda ya ga wucewarsu. Aka ce ya shigo, ai ɗan gida ne. Ya tsuguna gefe suna gaisawa.

Baba ya zauna a kan turmi ya miƙa hannu, Inna ta ba shi. Ya ɗaga, sai hannun ya yi sama fiye da yadda ya nufa, don ya zaci nauyi. Ya ɗaure fuska. Ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Ya ƙwanƙwasa sama kaɗan, ya sake kai kunne.

"Aikin inji ne," ya ce.

"Inji ne ya juya, Baba. Hannu ne ya riƙe ƙarfen."

"Uhm."

Shi Baba bai taɓa yarda da bayan akushi ba. Yakan ce baya na mai saye ne, ciki na masassaƙi. Ya zura yatsa biyu a bakin, ya laluba, bai taɓo komai ba. Ya tashi ya fita tsakiyar rana, ya karkata bakin yadda haske zai shiga, ya kafa ido ɗaya. Ƙarfen Inna bai iya shiga ta wannan ɗan bakin ba. Can ciki zobba na nan yadda Labaran ya bar su, fari, ja, fari, ja, suna zagayawa har gindi.

Tsohon ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya dubi ɗansa.

"Gawo da kirya?"

"Su ne, Baba."

"A jiki ɗaya? Kuma ta wannan ɗan bakin ka kwashe cikin?"

"Ta nan, Baba."

Inna ta dafe ƙirji. "Wayyo ni Asibi! Ashe ado ne? Garin gyaran gira na tsone ido! Auta, don Allah..."

"Ke dakata," in ji Baba. "Labaran, ɗauko min gizagon can."

Shi ke nan, in ji Labaran a ransa. Ya tafi zaure, ya sauke gizagon, ya kawo da hannu biyu. Ubale ya gyara tsuguno ya fara shimfiɗa buhun da zai naɗe shi.

Baba bai ko dubi Ubale ba. Ya ce a miƙo masa dutsen washi, ya tofa ruwa, ya wasa bakin a nutse. Sannan ya zauna a ƙasa, ya matse tulun tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe gizagon can kusa da wuya.

"Baba, jikin ba kauri!" Labaran ya faɗa da ƙarfi. "Zai fashe!"

"Na ji kaurinsa da kunnena. Matsa ka ba ni haske."

Hannun nan da ke rawa idan ya ɗauki kofin shayi, yana ɗaga gizago ya tsaya cik. Ƙyas! Wani ɗan ɓawon baƙi ya tashi ya faɗa kan tabarma. A gurbinsa ga fari tas, kamar an ɗiga nono a kan baƙin. Baba ya sauko ƙasa kaɗan. Ƙyas! Wannan karon ja ne ya leƙo.

"Kai!" in ji Ubale, ya saki buhu ya matso.

"Allahu Akbar," in ji Baba, shi kaɗai. Ya juya tulun ya sake sara, ya sake, sara na bin sara. Zanen gidansu ne yake fitarwa, 'yan ƙananan tsage masu kama da sawun kaza, wanda ke bakin kowane akushi da ya taɓa fita daga zauren nan. Da can duk zanen launi ɗaya yake fita, don itacen ɗaya ne. Yau layin sama fari, na ƙasansa ja, na ƙasa fari, duk a kan baƙin Inna mai sheƙi. Labaran ya durƙusa yana kallo, bai san lokacin da ya fara dariya ba, ga hawaye na bin kumatunsa. Abin da ya gani a waya launi biyu ne. Wannan uku ne, kuma babu inda ya taɓa ganin irinsa.

Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fara leƙowa ta katanga.

"Kun gani ko?" ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Da ban baƙanta ba me zai sara? Ku dai ku riƙa raina tsofaffi!"

"Yanzu fa kike kuka kin yi ɓarna," in ji Baba, bai ɗago ba.

"Ni? Hayaƙi ne ya shiga idona."

Baba yana sara yana jero tambayoyi, ko amsar ɗaya bai gama ji ba sai ya jefo wata. Da me aka manne su? Ƙarfen da ya shiga ciki yaya bakinsa yake? Injin yana juyawa hagu ne ko dama? An gwada kanya? An gwada maɗaci? Ya ce wuyan ya yi siriri da yawa, gindin kuma yana son ƙarin faɗi, gobe da safe a kai shi Tiga ya ga wannan inji da idonsa, don da alama yana bukatar wanda zai nuna masa aiki.

Ubale ya yi gyaran murya. "To Malam Mudi, maganar ƙarfen fa? Na riga na tanadi gawayi."

"Wane ƙarfe?"

"Gizagon mana. Na fartanya."

"Ubale, kai ma dai. Ka taɓa ganin an narke ƙarfe yana tsakiyar aiki? Ka nemi sifirin ka buga min fartanyar."

Ubale ya naɗe buhunsa yana dariya, amma bai tafi ba, ya gyara zama.

Layi ɗaya ya rage, na can gindi, zoben kirya. Baba ya tsaya ya yarfe hannu, rawar ta fara dawowa. Ya dubi layin, ya dubi ɗansa, sai ya juya gizagon ya miƙa masa ta ƙota.

"Ƙarasa."

Labaran ya goge tafinsa a riga ya karɓa. Yatsunsa suka faɗa cikin lotsawar nan da hannun kakanni ya yi. Ya matse tulun a gwiwa yadda ya ga an yi, ya ja numfashi, ya sara. Tsagen ya fita a karkace, ya fi sauran tsawo.

"Ya karkace, Baba."

"Na gani. Tsoronsa kake ji." Tsohon ya matso har gwiwarsu ta haɗu, ya ɗora hannunsa mai rawa a kan na ɗansa, ya matse masa yatsu a jikin ƙotar. "Riƙe shi da kyau, Labaran. Ba aro na ba ka ba."